Darasi na Tara: Duba Lafiyar Kayan Sarrafawa na Ƙetare Kafin a Biya Kuɗi

A shekarar 1975, wanda ya tsaya a bakin teku a Legas zai hangi jiragen ruwa jere har inda ido ya ƙare. Sun haura 400, kuma yawancinsu siminti suka ɗauko. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon, wadda kuɗin man fetur ya cika wa aljihu, ta yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar Legas a lokacin ba ta iya sauke fiye da kimanin tan miliyan 1 a shekara. Jiragen suka shafe watanni suna jiran layi, kullum ana lissafa wa Najeriya kuɗin jinkiri. Iskar teku mai laima ta yi ta ratsa buhunan, har simintin wasu jiragen ya daskare ya zama dutse tun bai taɓa ƙasa ba. Wanda aka samu aka sauke ma, da yawa ƙarfinsa ya ragu. Cunkoson bai warware ba sai bayan hawan Janar Murtala Muhammad a watan Yulin shekarar, kuma cunkoson ne ya jawo gina tashar Tin Can da aka buɗe a 1977.

 Zama ne ya kashe simintin nan. Irin wannan asara tana faruwa kullum a ƙananan masana'antunmu, sai dai ba ta shiga jarida: mai sabulu a Sharaɗa da sabulunsa ya ƙi kamawa, mai gidan burodi a Zariya da kwaɓinsa ya ƙi tashi, mai takalmi a Ƙofar Wambai da aka dawo masa da kaya saboda tafin ya ɓare cikin mako guda. Sau da yawa sukan ɗora wa yaran aiki laifi, ko su ce hannu ne aka sa musu. Da za a bi diddigi, matsalar tana cikin buhu ko jarkar da aka sayo.

Hanya ma tana cin kaya

Mafi yawan abin da ƙananan masana'antun Arewa ke sarrafawa daga waje yake zuwa: sodar sabulu da kulorin daga Sin da Indiya, madarar gari daga Turai da Niyu Zilan, yis daga Turai da Turkiyya da Sin, sinadaran katifa, gam, garin rini, man turare, da sinadaran ƙarin kuzari na abincin kaji. Jirgi daga Sin zuwa Najeriya kan yi fiye da wata guda a kan ruwa. Idan ya iso Apapa ko Tin Can ko Onne, kwantena kan yi makonni tana jiran takardun kwastan. Daga nan tirela ta ɗauko ta ta yi wajen kilomita 1,000 zuwa Kano, inda babban dila zai zuba kayan a sito, ƙaramin dila ya sara daga gare shi, shi ma ya ajiye. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, da ta Dala a Zawaciki a 2023, don a rage wannan zagaye, amma har yanzu yawancin kaya ta tsohuwar hanya suke biyowa. 'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Yamai sun ɗanɗana nasu jinkirin bayan juyin mulkin Yulin 2023, da aka rufe iyakar Nijar da Benin, kayan da aka saba ɗaukowa daga Kwatano suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso cikin jerin gwanon motoci.

Duk tsawon wannan lokaci kayan suna cikin akwatin ƙarfe. Kwantenar da rana ta doka, zafin cikinta kan kai digiri 60. Da dare kuma ƙarfen ya huce, tururin da ke ciki ya taru a rufi ya riƙa ɗiga a kan buhunan sama. Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi da ya kamata kowane mai masana'anta ya riƙe: duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan ninka saurin lalacewar kaya kusan sau biyu. Kamfanin da ya rubuta cewa kayansa za su yi shekara biyu, ya rubuta ne bisa sharaɗin a ajiye su a wuri busasshe mai sanyi, galibi ƙasa da digiri 25 ko 30. Sito mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ke wuce digiri 40, bai cika wannan sharaɗi ba. Saboda haka kaya na iya gajiya tun kwanan watan da ke jikinsa bai cika ba. Wannan shi ne jigon darasin: kwanan wata farkon bincike ne, kuma mai saye bai gama aikinsa ba sai ya gwada kayan da kansa.

Karanta jikin buhu

Abu uku ake fara nema a jikin buhu, ganga ko kwali. Ranar da aka yi kayan, wadda ake rubutawa da haruffan MFG ko PROD. Ranar ƙarewar wa'adi, mai alamar EXP ko BB. Sai lambar rukuni, mai alamar LOT ko BATCH, wato lambar da kamfani ke ba duk kayan da suka fito daga tukunya ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba ma zai iya haddace siffar waɗannan haruffa, kuma ya kamata ya haddace.

Akwai tarko a rubutun kwanan wata. Idan aka ga 03/08/2025 a kayan Turai ko Indiya, ana nufin 3 ga Agusta. Idan kayan Amurka ne, ana nufin 8 ga Maris, domin su wata suke fara rubutawa. Tazarar kusan wata biyar ke nan, kuma ga abu kamar gam ko sinadaran abincin kaji, wata biyar rabin rayuwarsu ne. Kamfanonin Sin kuwa shekara suke fara sawa, sannan wata, sannan rana. Wasu kamfanonin sukan cusa ranar cikin lambar rukuni: 24075 na iya nufin kwana na 75 a shekarar 2024, wato 15 ga Maris. Wasu sinadaran kuma ba su da ranar ƙarewa, sai ranar sake gwaji. Ma'anarta, idan ranar ta cika a kai samfur ɗakin gwaji, in ya ci a ci gaba da amfani da shi, in ya faɗi a daina.

Marasa tsoron Allah sun san mai saye kwanan wata yake dubawa, don haka nan suke kai hannu. Sukan goge tsohon rubutu da tina su buga sabo, ko su manna sabuwar takarda a kan tsohuwa, ko su juye kayan cikin sabon buhu. Amma ɓarawo bai cika share sawunsa duka ba. Wurin da aka goge da tina yakan yi haske ko ya dushe fiye da sauran jikin robar. Idan aka sa farce a gefen takardar da aka manna, sau da yawa ana jin wata a ƙarƙashinta. Bakin buhun da aka farke aka sake ɗinkewa yana da layi biyu na hudar allura, kuma zaren ya kan bambanta da na ƙasan buhun. Gangar da gindinta ya yi zoben tsatsa, fentinta ya koɗe, amma takardarta fes kamar jiya aka manna, ita ma ta faɗi gaskiya. Mai saye ya riƙa juya ganga yana duba ƙasanta, kada ya tsaya ga fuskar da aka nuna masa.

Takardar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta sakamakon gwaji, wadda 'yan kasuwa ke kira COA. Kamfanin da ya yi kayan ne ke bayar da ita ga kowane rukuni, tana nuna ƙarfin kayan, yawan laimar da ke ciki, da ranar da aka gwada. Amfaninta ɗaya ne: lambar rukunin da ke kanta ta zama ita ce a jikin buhun. Wasu dilolin suna da kwafi guda da suke nuna wa kowa shekara da shekaru. Idan lambobin suka saɓa, takardar ta wasu kaya ce daban. Ba rashin kunya ba ne mai saye ya ce, "Alhaji, a taimaka mini da takardar gwajin wannan lambar, ba waccan ba." Dilan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, don shi ma haka ya tambayi wanda ya sayar masa.

Akwai kuma takardun hukuma. NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke ba da izinin shigo da kayan abinci, magunguna da sinadarai. Hukumar SON kuma tana da tsarin SONCAP, da aka fara a 2005, na tantance kaya tun a ƙasar da za a ɗauko su. Waɗannan takardu suna nuna cewa kayan sun shigo ta ƙofa. Ba sa nuna halin da suke ciki yau bayan wata takwas a sito.

Ido, hannu da ɗan gwaji

A ɗauki sodar sabulu. Tana zuwa a buhu mai kilo 25, ko dai falle-falle ko ƙwaya-ƙwaya, kuma sabuwa ƙarfinta kashi 98 zuwa 99 ne cikin ɗari. Halinta shi ne zuƙar laima da iska. Da zarar ledar ciki ta huje, sai ta fara jiƙewa, fallayen su manne da juna, daga baya bayansu ya yi farin ɓawo mai kama da alli. Wannan ɓawon ya riga ya rikiɗa ya zama wani gishiri mai rauni wanda ba ya dafa mai yadda ya kamata. Buhu mai lafiya idan aka ɗaga aka girgiza ana jin fallayen suna ƙara suna zamewa. Wanda ya sha iska kuwa yakan zama dunƙule guda, wani lokaci da danshi mai santsi a kusurwoyinsa. Masu sabulu suna auna ruwan soda da ma'aunin kauri na gilashi: kilo ɗaya a lita uku na ruwa, idan ya huce, yakan nuna wajen 1275. In ya gaza haka sosai, sodar ta sha ruwa tun a buhu, kuma mai saye ruwa ya biya wa kuɗi. Amma a lura, ma'aunin nauyin ruwan kawai yake gani, ba ya bambance soda mai ƙarfi da wadda ta rikiɗa. Shi ya sa gwajin da ya fi tabbas shi ne a haɗa ɗan sabulu na kilo ɗaya a ga yadda zai kama. Wajen haɗawa, soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma sai da safar hannu da tabarau, domin ɗigo ɗaya na iya makantar da ido.

Gwajin yis ya fi sauƙi. Busasshen yis mai gram 500 ana tsotse iskar cikin ledarsa ne kafin a rufe, shi ya sa sabo yake da tauri kamar bulo, kuma yakan yi shekara biyu a haka. Idan aka matsa leda aka ji ta yi laushi, garin yana motsi a ciki, iska ta shiga, ko da kwanan watan bai cika ba. Mai gidan burodi ya buɗe kwali ya matsa ledojin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗebi ƙaramin cokali biyu ya zuba a rabin kofin ruwa mai ɗumin da ba ya ƙona yatsa, da cokali ɗaya na sukari. Cikin minti goma yis mai rai zai yi kumfa ya taso. In ruwan ya kwanta shiru, kada a haɗa shi da buhun fulawa.

Madarar gari ta masu yogot da alawa, maiƙon da ke cikinta ne ke fara lalacewa. Sabuwa tana da launin fari mai ɗan ruwan ƙwai, tana zuba ba gudaji, ƙamshinta mai daɗi. Tsohuwa takan yi duhu, ta cure, ta riƙa warin tsohon mai. A dama kaɗan a tafasa: in ta tsinke, ta riga ta yi tsami.

Marina na zamani, waɗanda ba da baba da toka suke aiki ba irin na Ƙofar Mata, suna haɗa garin rini da soda da wata farar hoda mai suna haidirosalfait, wadda ke narkar da rinin ya shiga zare. Wannan hoda ba ta jure laima ko kaɗan. Mai kyau fara ce, tana zuba kamar gishiri. Idan ta dunƙule, ta yi rawaya, ko warin kibiritu ya bugi mutum tun kafin a gama buɗe ganga, ƙarfinta ya tafi, rinin zai zauna a bayan shadda ya zuba a wankin farko. Bayan haka tana da haɗari, domin idan ruwa ya taɓa ta takan yi zafi har ta kama wuta da kanta. Gwajinta shi ne a haɗa ɗan ruwan shuɗin rini a kofi: in hodar tana da rai, ruwan zai juya ya koma kore mai rawaya.

Gam ɗin takalmi wata shida zuwa shekara yake yi. Idan ya tsufa yakan yi kauri ya riƙa jan zare, wasu kuma sai su tsinka shi da tina ya koma kamar sabo a ido. Baduku ya manna ƙyallen fata da guntun tafi, ya bar su kwana ɗaya, ya ja da ƙarfi. Gam mai kyau sai fatar ta yage kafin manni ya saki.

Masu katifa su kula da gangar sinadarin TDI. Idan laima ta shige ta, yakan fitar da iska ya kumbura gangar, a ƙasa kuma ya tara fararen gudaji. Gangar da murfinta ya yi tozo ba abar saye ba ce, kuma ba abar buɗewa ba ce. A nan ya wajaba a ja kunne: hanci da harshe na kayan abinci ne kaɗai. Ba a shinshina sinadari, ba a ɗanɗana shi, ba a sa masa hannu tsirara. Tururin TDI yana lalata huhu, na kulorin ma haka.

Daga ina za a ɗebi samfurin? Buhun da ke bakin ƙofa, wanda yaron shago ya miƙo da sauri, shi ne mafi ƙarancin amfani. Masu duba kaya a masana'antu suna da wata tsohuwar ƙa'ida: a nemi lambar da idan an ninka ta da kanta za ta ba da yawan buhunan, a ƙara ɗaya. Buhu 25, a duba 6. Buhu 100, a duba 11. Buhu 400, a duba 21. A zaɓo su daga wurare dabam-dabam: na can sama da ke ƙarƙashin rufi, na ƙasa da ke kan daɓe, na jikin bango, da na tsakiya. Shi kansa siton shaida ne. Mai saye ya duba ko kayan suna kan katako ko a kan siminti tsirara, ko rufi yana yoyo, ko akwai tabon ruwa a bango, ko an jera gangunan kulorin a rana. Wanda aka hana shi shiga sito, aka ce ya biya a kai masa kaya gida, ana so ne ya yi cinikin biri a sama.

Idan kuɗin da za a kashe masu yawa ne, gwajin gida bai wadatar ba. Ana iya kai samfur sashen kimiyyar sinadarai na jami'a, kamar Bayero a Kano ko Ahmadu Bello a Zariya, ko cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke Basawa a Zariya, ko ɗakin gwaji mai zaman kansa mai rajista. Kuɗin gwaji ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin ganga goma. Ƙananan masu sana'a da ke sara a wurin dila ɗaya za su iya haɗa kuɗi su yi gwaji guda, kowa ya amfana.

Lissafin araha

Tun daga Yunin 2023, da aka saki darajar naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin watanni kaɗan. Kayan waje suka yi tsada, ciniki ya ja baya, kaya suka ƙara daɗewa a sito. A irin wannan yanayi ne tayin araha ke yawaita: "Wannan tsohon kaya ne, zan rage maka."

Ba kowane tsohon kaya ne abin gudu ba, amma sai an yi lissafi. Garin kulorin da masu ruwan wanki da masu tace ruwa ke amfani da shi yana zuwa da ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, kuma zafi da laima suna zuƙe wannan ƙarfi a hankali. A ɗauka sabuwar ganga mai ƙarfin 65 naira 100,000 ce, tsohuwa kuma da gwaji ya nuna ta sauko 45 an bar ta 80,000. A ido an samu ragin 20,000. Amma a raba kuɗin da ƙarfin: 100,000 a raba 65, kowane kashi ya tashi kimanin naira 1,538. Ita kuwa 80,000 a raba 45, kimanin naira 1,778. Tsohuwar ta fi tsada. Don a yi aikin da sabuwar ganga ɗaya za ta yi, sai an kashe kusan ɗaya da rabi na tsohuwar, ga ƙarin kuɗin dako, ga laka a ƙasan tanki. Abin da ya fi muni shi ne mai sayen da bai san ƙarfin ya ragu ba, ya ci gaba da awo irin na da, ruwansa ya fita bai tsarkaka ba, jama'a su sha.

Lissafi na biyu shi ne na sauran kwanaki. Manyan kamfanoni da dama sukan gindaya sharaɗin cewa kayan da za a kawo musu su zo da saura kashi 75 ko 80 cikin ɗari na wa'adinsu. Ƙaramin mai sana'a ba lallai ya kai nan ba, amma ya tambayi kansa: wata nawa zan yi kafin in cinye wannan kaya? Wanda ke amfani da kwalin yis ɗaya a wata, bai kamata ya sayi kwali goma masu saura wata huɗu ba, komai arahar. A nasa siton kuma, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake fara buɗewa, ko da shi ne ya zo daga baya.

Inda abin ya wuce asarar kuɗi

A watan Maris na 2021 asibitocin Kano suka fara karɓar mutane masu amai, jiri da fitsarin jini. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta danganta lamarin da garin lemo da ɗan tsami waɗanda wa'adinsu ya wuce, irin da ake haɗa abin sha da su ana sayarwa a unguwanni. Zuwa watan Afrilu, ana shiga azumi, gwamnatin jihar ta ce mutum 10 sun rasu, an kwantar da kimanin 400. NAFDAC ta bayyana cewa gwajinta ya gano wani sinadari mai guba, haidiroksilamin, wanda aka sayar da sunan ɗan tsami. Masu haɗa lemon ba da niyyar cutar da kowa suka tashi ba. Farar hoda suka saya da sunan ɗan tsami.

Kafin nan, tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya, har da waɗanda aka kai asibitin koyarwa na Zariya. Bincike ya nuna an sayo ɗaya daga cikin sinadaran haɗa shi a hannun dilan da ba shi da rajista, kuma abin da ke cikin gangar guba ne mai lalata ƙoda. Tambayoyin da ke tona tsohon kaya su ne dai ke tona na jabu: wa ya yi shi, yaushe, ina lambarsa, ina takardarsa, me gwaji ya nuna? Duk abin da za a sa a abinci, abin sha, magani ko man shafawa, ba a sayensa a awo daga buhun da ba shi da suna.

Addini bai bar wannan fage ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai kayan don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma yi kashedi mai tsanani a kan algus. Malaman fiƙihu sun tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Sai dai haƙƙi yana bukatar shaida. A rubuta lambar rukuni da kwanan wata a kan rasit. A ɗebi samfur biyu a gaban mai kaya, a rufe, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya. A yi magana a fili tun kafin a biya: in gwaji ya nuna kayan sun gaza, za a dawo da su cikin kwana kaza. Idan an ci karo da kayan da aka canja wa kwanan wata, a sanar da shugabannin kasuwa da ofishin NAFDAC ko hukumar kare haƙƙin masu saye, domin buhun da mutum ya ƙi saya ya yi shiru, gobe maƙwabcinsa za a sayar wa.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya zaɓi abu ɗaya da yake sarrafawa a sana'arsa, ko wanda ake amfani da shi a gidansu, ya kwafo ranar yi, ranar ƙarewa, lambar rukuni da sunan ƙasar da aka yi shi. Ya lissafa wata nawa kayan suka yi a duniya da wata nawa suka rage musu, ya kuma tambayi mai shagon inda aka ajiye su kafin su iso hannunsa. Masu burodi su zo da ledar yis, masu sabulu su zo da ma'aunin kaurinsu, dukawa su zo da ƙyallen da suka manna. Soda, kulorin da sauran sinadarai masu ƙuna kada a kawo su aji, rubutun jikin buhun kawai ake bukata.